Ki Ɗan Jira, Sabuwa Tana Tafe

A layin masu kayan lantarki, tsakanin shagon mai aski da na mai ɗinkin labule, akwai wani shago mai ƙofar gilashi da ba ka isa ka wuce shi ba a kira ka ba. Kuma ba don ka sayi wani abu ake kiranka ba, a'a, labari za a ba ka. "Albishirinka!" Haka mai shagon zai ƙwala maka tun daga nesa, kafin ka buɗe baki ka amsa har ya kai tsakiyar zance. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Albishir. Sunan ya bi shi tun yana saurayi har ya yi furfura, har matarsa ma, in ya ƙure ta, da shi take kiransa.

Kwamfuta yake sayarwa, ta cinya da ta tebur, sababbi 'yan kaɗan, sauran waɗanda aka ɗan mora ne aka gyara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya kamar wanda aka aika, ga dariya a kusa. Ba ya ƙarya, ba ya ha'inci, ba ya sayar maka da matacciya ya ce barci take. Aibinsa ɗaya ne tak: abin da ke hannu ba ya burge shi, sai wanda ke tafe. Wannan aibin ne ya kusa sa 'yarsa ta fari ta maimaita shekarar ƙarshe a jami'a, shi kuwa yana ta murnarsa bai sani ba.

Halin ba yau ya fara ba. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya. Sauran yaran gidan sukan ci gaba da wasansu, ban da wannan. Shi yana bakin titi ya kasa kunne, ya san ƙarar injin motar babansa tun kafin ta shawo kwana. Da ya jiyo ta sai ya zuba a guje cikin gida yana ihu. Abin dariyar, in uban ya shigo ya zauna ya buɗe tsaraba, yaron ba ya wani ɗoki. Zai karɓi rabonsa, ya jujjuya shi, ya ce, "Baba, in ka koma me za ka kawo?" Mahaifiyarsa takan riƙe baki ta ce, "Wannan ɗa nawa a gobe yake zaune, baƙunta kawai yake kawo mana yau."

Da ya tasa aka kai shi koyon gyaran rediyo. Hannunsa na da kyau, amma bai daɗe ba maigidan ya sallame shi, don ya kama shi yana gaya wa masu kawo gyara su daina wahala, akwai wata rediyo tafe mai cin kaset. Daga nan ya sayar da kaset yana ba da labarin faifan CD. Ya koma faifai yana ba da labarin wayar hannu. Da wayar ta zo ya sayar da ita, amma hankalinsa ya riga ya yi gaba. A kan kwamfuta ya tsaya, don ita ba a taɓa rasa sabuwa tafe. Abin nema ya samu.

Matarsa ma da labarin gobe ya same ta. Malamar firamare ce a makarantar da ke bayan layin, kowa Malama yake ce mata. Batirin rediyo ta shigo saya, ta fita da labarin wata na'ura da za ta riƙa wanke kaya da kanta. Takan ce ta aure shi ne don ba ta taɓa ganin mutumin da ke tashi da safe yana murna da ranar da ba ta zo ba sai shi. A gidansu baƙin ciki ba ya samun wurin zama. In abu ya ɓaci zai ce ku bari, mai kyau na nan tafe, kuma sau da yawa yakan zo ɗin. Na'urar wankin dai har yau ba a saya ba, ana jiran wadda ke shanya da kanta.

Kullum da safe in ya buɗe shago ya goge kaya ya jera, sai ya ja kujera gaban tasa kwamfutar ya shiga intanet farautar raɗe-raɗi. Su kamfanonin nan ɓoye abin da suke ƙerawa suke yi sai ranar da za su fitar, to amma bakin mutane ba ya rufuwa. Yau wani ya ɗauki hoton kwali a ɓoye, gobe wani ya ce ƙanin abokinsa na aiki a masana'antar gilashi, an ba su wani aiki da ba su taɓa gani ba. Mai Albishir zai tattara waɗannan guntaye, ya haɗa wannan da wancan, ya zauna yana kaɗa ƙafa, can sai ya buga tebur. Mai aski na jin bugun nan ta bango zai ce wa wanda yake yi wa aski, "Riƙe kanka da kyau, labari na zuwa."

A shekarar da ake magana, labarin sikirin, wato fuskar kwamfuta, shi ne ya hana layin sakat. An ce wani babban kamfani zai fitar da sababbin kwamfutoci, na cinya da na tebur, masu wata irin fuska da ido bai taɓa gani ba. Mai Albishir ya kamu, kamun da bai taɓa yin irinsa ba. Ya samo madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ya rataya a wuya. Duk wanda ya shigo, ko caja ya zo saya, sai an ja shi gaban sikirin an ɗora masa madubin.

"Leƙa nan. Me ka gani?"

"Wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne, ja da kore da shuɗi."

"Yauwa! Duk hoton da kake gani, duk rubutu, waɗannan ne suka taru suka yi shi. Su ke sa gefen harafi ya yi kaushi kamar haƙoran zarto. To sabuwar da ke tafe, inda wannan ke da ɗigo ɗaya, ita huɗu za ta zuba. Huɗu fa! Ko ka manna hancinka a gilashin ba za ka ga ɗigo ba. Hoton ɗanka za ka buɗe ka ga gashin girarsa ɗai-ɗai. In aka nuna ruwa, wallahi sai ka janye hannun rigarka."

Nan da nan layin ya rabu gida biyu. Mai aski na ɓangaren masu cewa ta cinya za a fara fitarwa, don ita matasa ke so. Mai ɗinkin labule, wanda ko kunna kwamfuta bai iya ba, ya kafe a kan ta tebur, hujjarsa kuwa babba shi ke shiga gaba. Mai shayin bakin layi ya ce shi duk ba wannan ba, a gaya masa ko za a iya kallon ƙwallo a ciki har a gane ko da gaske ta taɓa hannu. In gardama ta ƙi ƙarewa sai a tsallaka titi a ɗauko Mai Gyara.

Mai Gyara abokin Mai Albishir ne tun suna koyon rediyo, shagonsa na kallon nasa. Dogo ne siriri mai tsadar magana, kullum da ƙaramin sukudireba a bayan kunne. Shi duk wata kwamfuta sai ta lalace suke gaisawa, saboda haka ba ya yabon sabuwa.

"Ɗigo huɗu a wurin ɗaya," in ji shi, "batir zai ce ga garinku nan kafin azahar. Ga zafi. Ka ɗora ta a cinya ka soya ƙwai."

"An ce sun canza batir!"

"Wa ya ce?"

"An ce!"

"To a gai da An-ce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Masu saye kuwa sun ga ta kansu. Mutum zai shigo da niyyarsa, ya nuna wadda yake so, har ya sa hannu a aljihu, sai Mai Albishir ya waiwaya hagu da dama ya rage murya. "Tsakani da Allah, sauri kake yi? In ba sauri kake ba, ɗan jira. Kada ka saya yau, wata mai zuwa ka dawo kana hararata." Wasu su yi godiya su tafi, wasu su zarce layi na gaba su saya abinsu. Shagon ya koma rayuwa a kan caja da linzamin kwamfuta da igiyoyi. Shi ko a jikinsa.

To, a cikin waɗanda aka ce su jira har da 'yar cikinsa. Zanen gine-gine take karantawa, shi ya sa duk layin ke ce mata Injiniya, shi kuwa Mamana yake kiranta. Mai sanyin magana ce, mai kaifin kai, tun shigarta jami'a ba a taɓa sauke ta daga sahun farko ba. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi zai zana gini guda tun daga tushe har rufi, ya miƙa kafin ranar da aka yanke. Wanda ya makara, sai baɗi. Ita asibitin yara ta zaɓa. Tsohuwar kwamfutarta kuwa ta gaji, da ta buɗe manhajar zane sai fanka ta hau kuka, komai ya tsaya cak.

Tun farkon zango ta zo shagon ta tsaya tana kallon wata baƙar kwamfutar cinya mai kauri da ke can saman kantar shago, wadda ta fi duk na wurin ƙarfi.

"Baba, wannan za ta yi mini."

Ya sauko da ita ya kunna, ya ɗora madubi. "Wannan? Haba Mamana! Ke da za ki ja layi siriri kamar gashi? Leƙa ki ga ɗigo, manya-manya, sai ka ce tsakuwa. Ko 'yar wani na bai wa wannan sai na ji kunya, balle tawa. Ki ɗan jira, sabuwa tana tafe. Ta farko da za ta shigo layin nan, ke za ki ɓare ledarta. Malamanki su ga zanenki su miƙe tsaye."

"Baba, ai zanen a…"

"Na sani, na sani! Siriri ne. Shi ya sa nake gaya miki."

Ta yi murmushi ta ce to. Ba ta saba musu da shi ba, kuma wa zai kalli fuskar nan tana walƙiya ya watsa mata ruwa?

Malama ce kaɗai ke iyawa, don ta saba da masu surutu. Ta yi magana a farkon zango, ta sake yi a tsakiya.

"Mai Albishir, ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinyar nan layi take bi a ɗakin kwamfutar makaranta, in ta samu wuri kuma a ɗauke wuta. Ka ba ta wadda ke akwai."

"Malama, ke ba ki gane ba. In na ba ta wannan yau, gobe sabuwa ta fito, me na yi mata? Ai na cuce ta."

"In ba ta fito ba fa?"

"Za ta fito! An ga kwalinta!"

"Kwalin za ta miƙa wa malaman?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan magana sai ya kai wa mai aski. Malama ta dube shi ta girgiza kai, daga ranar ba ta ƙara tayar da zancen ba. Shi ya ɗauka ta gamsu ne. Ya dai lura Injiniya ta daina dawowa gida da wuri, in ya tambaya a ce tana wurin aiki. Sai ya ce madalla, ya koma kan labarinsa.

Raɗe-raɗin kuwa sai ƙara zafi suke yi. Aka ce watan nan ne, watan ya wuce. Aka ce an samu matsala, gilashin na yin rawaya a gefe, Mai Albishir ya kwana biyu ba walwala sai ka ce an yi masa rasuwa. Sai kuma aka ce an gyara, ya dawo da ƙarfinsa har ya ce a haɗa wa duk layin shayi a kansa. Wani ya ce ta cinyar za ta yi sirantar da za ka iya zura ta ƙarƙashin ƙofa. Wani ya ce ta teburin ba akwati ma, komai na bayan gilashin. Ana nan ana nan, kamfanin da kansa ya sanar da ranar taro, ya ce za a nuna kai tsaye a intanet. Ranar ta faɗo a cikin watan da Injiniya za ta miƙa aikinta. Shi a ganinsa abin ya yi daidai: a nuna yau, a fara sayarwa gobe, wani abokin cinikinsa mai zuwa ƙasashen waje ya sako ta a jaka, yarinya ta ƙarasa zanenta cikin jin daɗi.

Ranar taron tun hantsi ya share shago, ya aro benci, ya jawo babbar talabijin ya haɗa da kwamfuta, ya cika janareta da mai don kada wuta ta yi masa halinta. Kafin la'asar shagon ya cika maƙil. Mai aski ya zo da almakashi a aljihu, tare da wani bawan Allah da aka aske wa rabin kai. Mai shayi ya dawo da butarsa bakin ƙofa. Mai Gyara kaɗai ya ce yana da aiki.

Aka fara. Wani mutum ya hau dandamali yana ta zuba, ya yi zancen wayoyi, ya yi zancen agogo, ya yi zancen yadda suke ƙaunar jama'a. Mai Albishir na tsaye yana fassarawa, gumi na bin wuyansa. "Ba wannan ba. Ku bar shi ya gama. Ba wannan ba ma." Can sai fitilun dandamalin suka mutu, wani tebur ya taso daga ƙasa da kansa, an lulluɓe wani abu a kai da baƙin ƙyalle. Shagon ya yi tsit, har kana jin tafasar butar mai shayi. Aka yaye ƙyallen.

Ga su nan su biyu, ta tebur da ta cinya, sirara, fuskokinsu na sheƙi. Mutumin ya juyo ya ɗaga yatsu huɗu.

Kai, zo ka ga ihu! Mai Albishir ya daka tsalle har kansa ya taɓa fanka, Allah ya sa a kashe take. "Huɗu! Na ce huɗu ko ban ce ba? Mai aski, na faɗa ko ban faɗa ba?" Aka rungume shi, aka ɗaga shi sama, mai rabin aski na ta tafi ya manta da kansa. Aka nuna fiffiken malam-buɗe-littafi an matso da shi kusa, mai ɗinkin labule ya rantse ya ga ƙurar jikinsa ƙwaya-ƙwaya, alhali a tsohuwar talabijin ɗin shagon yake kallo, amma ba wanda ya damu ya tuna masa. Batir ma an ce an canza. Duk abin da Mai Albishir ya yi watanni yana faɗa, ga shi nan ɗaya bayan ɗaya, sai ka rantse shi ya rubuta musu. Idonsa ya ciko da ƙwalla don daɗi. Mutum ya yi shekaru ana ce masa mai surutu, yau ga jama'a sun shaida.

Ana cikin hayaniyar aka rubuta lokacin fitowa a ƙasan hoton. Ta tebur, ƙarshen shekara. Ta cinya, baɗi. Mai aski ya karanta da ƙarfi ya ce, "Ashe da sauran jira."

"Ƙarshen shekara ai kamar gobe ne!" in ji Mai Albishir. Bai ma ji abin da bakinsa ya faɗa ba, don ya riga ya fita a guje, zai tsallaka titi ya cusa wa Mai Gyara maganar batir a kunne.

Bai tarar da kowa a gaban shagon ba. Ya jiyo motsi a ɗakin baya, inda Mai Gyara ke tara matattun kwamfutoci, ya ɗaga labule yana cewa, "Fito, fito ka gai da An-ce, yau ya zo da kansa…"

Sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, sai warin dalma da ƙura. A kusurwa, kan wani tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da bulo, an harhaɗa wata kwamfuta daga gawarwakin wasu. Akwatinta a buɗe, hanjinta a waje, an kafa mata fankar tebur tana hura mata iska. Sikirin ɗin ya dushe, ga wani koren layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa. A gabansa Injiniya ce zaune, ta matso da fuskarta, idanunta sun yi ja. Mai Gyara na tsugune yana taɓa wata waya a cikin akwatin.

"Mamana? Me kike yi a nan?"

Ta miƙe da sauri. "Aiki nake yi, Baba. Kawu Mai Gyara ne ya haɗa mini."

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. Mai Gyara ne ya amsa, bai ko ɗago ba. "Tun tsakiyar zango, da ka sake cewa ta jira. Malama ce ta kawo ta. Ta ƙofar baya take shigowa don kada ka gani ranka ya ɓaci. Duk layin nan an sani."

"Har mai aski?"

"Shi ya ba da teburin." Ya miƙe yana goge hannu a jikin wando. "Abin da nake da shi ke nan na haɗa. Tana ja, amma da ƙyar. Makon jiya ta mutu da zanen hawa na biyu na asibitin gaba ɗaya a cikinta, sai da yarinyar nan ta sake shi daga farko. To, an nuna?"

"An nuna."

"Huɗun ne?"

"Huɗu ne."

"Barka. Yaushe za ta zo?"

Sai a lokacin maganar da aka karanta a shagonsa ta isa kunnensa. Baɗi. Ya dubi 'yarsa. Injiniya ce ta taimake shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ba komai, Baba. Na jiyo ihun daga nan. Na ji daɗi da maganarka ta fito."

Wallahi da tsawa ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Shagonsa cike da kwamfutoci, 'yarsa na bin ƙofar baya tana aiki a kan gawa! Ya juya ya fita. Jama'a na nan a shagonsa ana ta maimaita labari, suka buɗa masa hanya da tafi. Ya taka benci ya sauko da baƙar kwamfutar nan mai kauri, ya haɗa da cajarta, ya sake tsallaka titi. Ya ture tarkace ya ajiye ta gaban Injiniya.

"Baba, ai ka ce ɗigonta…"

"Manya ne. Kunna."

Sauran kwanakin ya rage baki ya ƙara hannu. Shi da Mai Gyara suka kwashe aikin daga waccan zuwa wannan. Shi ke kai ta makaranta a babur, shi ke korar ƙannenta daga falo in sun fara guje-guje. Malama ba ta ce na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma shirun nan nata ya fi maganar ciwo. Kwamfutar ta ja aikin ba tsayawa ba kuka, amma lokacin da ya tafi ya tafi. Injiniya ta zauna ta auna abin da zai yiwu, ta ajiye wanda ba zai yiwu ba, ta miƙa aikinta ranar ƙarshe ana shirin rufe ofis. Ba za ta maimaita shekara ba. Gidan ya yi hamdala.

Bayan an gama dubawa aka gayyaci iyaye su zo su ga aikin ɗalibai. Mai Albishir ya sa kayansa masu kyau suka tafi da Malama. Yana shiga zauren ya hau waige-waige. Ba talabijin, ba kwamfuta ko ɗaya. Manyan fararen takardu ne kawai aka lilliƙa a bango, kowane ɗalibi na tsaye gefen nasa.

"Mamana, ina sikirin ɗin da malaman suka duba aikin a kai?"

"Babu, Baba. Bugawa ake yi. A takarda suke dubawa."

"A takarda?"

"Haka ake yi tun da can. Abin da na so in gaya maka ke nan ranar nan a shago."

Malama ta ɗaga kai tana kallon rufi, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ya matsa kusa da takardun. Layukan sirara ne tsaf, ba kaushi ko kaɗan. Ta nuna masa ɗakin jira mai ƙananan kujeru, da tagogin da ta sauko da su ƙasa don yaro na kwance ya iya ganin waje, da hanyar da za a tura gadon mara lafiya ba tare da an ratsa wurin wasa ba. Yana ta gyaɗa kai, ƙirjinsa na cika da alfahari. Sai ya iso takarda ta ƙarshe. Rabinta na sama fari ne fat, ba komai sai siririn layin da ya zagaye wurin. Ya dubi ta ɗalibin da ke kusa. A daidai wannan wuri akwai babban hoton gini an gama shi, da launi, da inuwa, da bishiyoyi, da mutane na shiga.

"Nan fa?"

"Nan ne hoton asibitin zai zauna, yadda zai kasance in an gina shi. Shi ke cin lokaci, ban kai ba." Ta sa yatsa ta danna gefen takardar da ya ɗago. "Shi ya sa ban shiga sahun farko ba. Amma na ci, Baba."

Ya tsaya gaban farin wurin nan. Shi da ke ganin abin da ba a ƙera ba tukuna har ya kwatanta maka launinsa, ya zura ido ya zura, ya kasa ganin asibitin 'yarsa.

Yana nan tsaye wani dattijo ya dafa kafaɗarsa, ya ce an nuna masa shi, an ce shi ne mai kwamfuta. 'Yarsa za ta shiga shekarar ƙarshe, yana so ya saya mata, amma ya ji an ce akwai wasu sababbi tafe masu wani irin sikirin. Ko gaskiya ne?

Fuskar Mai Albishir ta fara haske, don hali zanen dutse. "Gaskiya ne! Da idona na gani. Inda waɗannan ke da ɗigo ɗaya, ita…" Ya ɗaga hannu zai nuna yatsu, hannun ya tsaya daidai farin takardar. Ya sauke shi a hankali.

"Yaushe za ta fara aikin?"

"Wata mai kamawa."

"To kada ka bari ya kwana. Biyo ni shago yanzu."